Ƙauyen da Ake Kiran Sunan Gwamna Gatsau

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin shagon Alhaji Mamman a Hayin Banki a tambaye ni, a coci a tambaye ni, tsofaffin abokan aikina na gidan rediyo su bugo waya su tambaye ni. Wasu labarin hanya suke so. Wasu kuwa so suke su san abin da aka ba ni na ci a can, da har na dawo na yi abin da na yi ranar Lahadi. Na lura kowa yana ƙara wa labarin abin da ban faɗa ba, shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Sunana Garba. Shekara talatin na yi ina karanta labarai a rediyo kafin in yi ritaya. Ni Bahaushe ne Kirista daga ƙasar Zazzau, ina kuma cikin 'yan tsirarun da ba su ƙetare kogi sun koma kudancin gari ba lokacin da Kaduna ta rabu biyu. Cocinmu ƙarami ne, a wani lungu tsakanin Kawo da Hayin Banki, kuma ni ke karanta sanarwa kowace Lahadi. Matsalarmu ɗaya ce, ta daɗe: ba mu da takardar mallakar filin. Duk sanda aka ji za a faɗaɗa hanya ko za a yi rusau, sai hankalin kowa ya tashi.

Wata Lahadi bayan sujada, Dattijo Bitrus, babba a cikin dattawan ikilisiyarmu, ya ja ni gefe ya miƙo mini wasiƙa.

"Malam Garba, Allah ya kawo mana sauƙi. Honorabul, ɗan takararmu, ya ce takardar fili ta zama tamu. Wannan kawai za ka karanta nan da mako biyu, a ɗauka a waya, a watsa."

Na buɗe. Layi tara ne. Ma'anarsu ita ce dattawa sun amince duk Kirista na gaskiya ya zaɓi jam'iyya kaza daga sama har ƙasa.

"Me ya sa ni? Ina Fasto?"

"Muryar Fasto iyakarta bangon nan. Taka kuwa har Agadas an san ta."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Abin da ya fara faɗo mini shi ne Alhaji Mamman. Maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, kuma jigo ne na ɗaya jam'iyyar a mazaɓarmu. Shi ne ya ɗauko benci ya zauna a ƙofar cocinmu ranar da gari ya rikice, bai tashi ba sai da sojoji suka zo. Zai ji muryata a wayarsa kamar kowa.

A makon ne saƙo ya iso cewa Baba Ɗanlami, ƙanin mahaifina, ƙafa ta kwantar da shi. Mai bishara ne da ya tafi ƙasar Maraɗi tun yana saurayi, bai dawo ba. Na ce wa matata Saratu zan je dubiya.

Ta ce, "Ziyarar da ta jira shekara shida ba ta tashi ba sai makon nan? Gudu kake yi."

Ban musa ba. Na ninke wasiƙar na sa a aljihun gaba, ranar Alhamis da sassafe na nufi tashar Kawo.

Motar Katsina na samu, direban wani Bakatsine mai suna Lawal. Ba mu wuce Rigachikun ba aka fara gardamar siyasa. Wani mai sayar da takalma a bayana ya ce duk wanda ya sake zaɓen masu mulki bai san ciwon kansa ba. Wani malamin makaranta ya ce ai waɗancan ma an gan su. Kafin mu kai Katabu sun daina magana a kan farashin masara, sun koma kan wane ɗan takara ne ya fi kishin addini. Na sa ido a taga ina ƙirga hotunan 'yan takara da aka manna a jikin gadoji. Wayata ta yi ƙara sau biyu, duk Dattijo Bitrus ne. Ban ɗauka ba.

Lawal bai sa baki ba, amma na lura da wani abu. A Zariya hularsa mai tambarin jam'iyya ɗaya ce. Da muka doshi Funtuwa, muka tarar da matasa sun tare hanya suna jiran ayarin wani ɗan takara, sai ya cusa hannu ƙarƙashin kujera ya fito da wata hular mai ɗaya tambarin, ya musanya ba tare da ya rage gudu ba. Matasan suka buga masa jikin mota suna ihu, muka wuce.

Na ce, "Direba, wace ce taka ta gaskiya?"

"Baba, tawa ta gaskiya gilashin motar nan. Shi nake karewa."

Duk motar aka yi dariya, har masu gardama. Ni ma na yi, amma na taɓa aljihuna.

Bayan Malumfashi taya ta fashe, ta ajiyar kuma ba iska. Muka yi awa biyu a gindin wata bishiya, kowa yana duban daji yana duban agogo, don wannan hanya ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Wata mata ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa ta raba mana. Mai takalma da malamin makaranta suka tura tayar tare zuwa wurin mai faci. Muka shiga Katsina da magariba. Na sauka a wani masauki kusa da tasha, inda famfo ke da kai amma ba ruwa, fanka kuma tana juyi kamar ana roƙonta. Na ci tuwon shinkafa da miyar taushe a bakin titi, na kwanta, ban yi barcin kirki ba.

Washegari na hau motar Jibiya, daga nan zuwa bakin iyaka. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangaren Nijar ne na fara ganin bambanci. Mun isa ana gab da sallar Juma'a, sai aka rufe tagar ofis, aka ce sai bayan salla da hutun rana. Wannan hutu ba wasa ba ne a wurinsu. Ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya ce ko an san shi wane ne. Direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin manyan motoci suka miƙe. Ni kaɗai nake kai da kawowa, har wani tsoho mai shayi ya ce, "Ɗan Najeriya, zamna. Tagar ba ta jin tahiyar ƙahwa."

Da aka buɗe, jandarma ya karɓi katina, ya tambaye ni inda za ni. Ina ba shi amsa sai ya ɗago kai.

"Sake hwaɗi."

Na sake.

"Kai na Malam Garba na rediyon Kaduna?" Ya kira abokan aikinsa. "Ku zo ku ga mutumen da ubana ke hana mu magana in shina karatu!" Sai ya duba katin da kyau, ya ga sunan baftismata. "Ashe Kirista na! Shekara nawa muna jin ka, ba mu sani ba."

Na ce ai labarai ba su da addini. Bai bar ni na tafi ba sai da na tsaya a gaban tagar na yi musu gaisuwar buɗe labarai, kamar yadda na saba. Suka tafa. Na fito ina jin daɗi, amma daɗin bai kai ni mota ba. Abin da Dattijo Bitrus ya faɗa gaskiya ne. Wannan jandarma ya yarda da muryar nan tun yana yaro, kuma irinsa ne za su ji ta tana cewa Kirista na gaskiya ga wanda zai zaɓa.

Daga Ɗan Isa, garin bakin iyakar, zuwa Maraɗi ba nisa. Garin Hausawa ne sosai, amma sai ka riƙa tuntuɓe da kalmomi. Makaranta lakwal ce, malaminta mushe, ɗan acaɓa kabu-kabu. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire mini haƙori. Shayi kuwa ba a ba ka kofi guda ka tashi. Ƙananan kofuna uku ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Na kwana a ɗakin baƙi na wani coci. Ranar Asabar kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa ƙauyen Baba, yamma da gari. Sau biyu yashi ya kayar da mu, a na biyun takalmina ya tsinke. Da ƙafa ɗaya a takalmi na yi sallama a gidan ƙanin mahaifina.

Na same shi a zaure, ƙafar a kumbure a kan matashi, idonsa ya yi rauni amma bakinsa garau.

"Garba? Yi magana in tabbatar." Na gaishe shi. "Shi ne. To, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba. Dubiya na zo."

"Mutumin Kaduna ba ya zuwa dubiya da takalmi ɗaya. Zauna ka sha hura, abin da ya koro ka zai jira."

Aka kawo fura mai yawan nono, da dambun gero da zogale. Na ci, amma na kasa zama wuri ɗaya. A nan ba sabis, sai ka hau wani tudu bayan rijiya. Na hau shi sau uku a yinin nan, ban kira kowa ba, ina dai duba ko an kira ni.

Cocinsu ɗaki ne na laka da rufin kwano, mutanen ba su fi arba'in ba. Ranar Lahadi aka ɗauko Baba a kujera aka ajiye shi a gaba. Kafin a fara sujada ya miƙo mini wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, an ɗinke bayansa da zare.

"Mushen da ke karanta mana sunaye ya yi tahiya. Tunda ga mai rediyo, kai za ka karanta. Ka kira suna, jama'a su amsa. Shi ke nan."

Ana waƙa na buɗe littafin. Sunayen waɗanda ake yi wa addu'a ne, amma a hargitse. Na farko wata Rabi mai ƙosai da ke ciwon ƙirji. Na biyu wani Abdu da ya tafi ci-rani ba a ji labarinsa ba. Na uku gwamnan jiharsu. Sai wata mai ciki, sai shugaban ƙasa, sai limamin ƙauyen da aka yi wa aikin ido, sai hakimi. Duka ba muƙami a gaban suna, sai ɗan bayani a gefe da ƙaramin rubutu. Can ƙasa akwai wani Haruna, an rubuta a gefensa: magajin gari, an sauke shi.

Duk wanda ya yi aikin labarai ya san abin da hannuna ya yi. Na zaro biro na sa lamba a gefen kowane suna bisa tsari: shugaban ƙasa, gwamna, hakimi, malaman addini, sannan sauran jama'a. Haruna kuwa na sa masa ɗan gicciye. A aikinmu, wanda aka sauke ba a ambatonsa a jerin manya, sai dai in kotu ta kira shi. Ban yi tunani ba ma. Gani nake na taimaki mutanen ƙauye.

Na miƙe, na gyara murya. "Mai girma shugaban ƙasa, babban kwamandan askarawa..." Na kawo sunan. Jama'a suka amsa, "Ubangiji, ka tuna da shi," amma a rarrabe. "Mai girma gwamna..." Amsar ta ƙara raguwa. Da na kai kan hakimi na sa masa "mai daraja", mutum uku ne suka amsa. Na ƙarasa jerin, na rufe littafi.

Sai wata tsohuwa ta dogara sanda ta miƙe daga bencin mata. Daga baya na san sunanta Hannatu.

"Baƙo, muryarka da daɗi. Amma wa kake ba labari? Allah bai san muƙaminsu ba?"

Aka yi 'yar dariya.

"Kuma Rabi ta riga gwamna shiga littahin ga. Mi ya sa ka maishe ta baya? Sannan ina Haruna?"

Na ce, "Mama, na ga an rubuta an sauke shi."

"To da aka sauke shi, mutuwa ya yi? Ni na kawo sunan. Sake."

Na dubi Baba. Yana kallon rufi, bakinsa yana motsi kamar mai danne dariya. Na sake buɗe littafin, na fara daga Rabi mai ƙosai. Amsar ta zo gaba ɗaya, har kwano ya amsa. Da na zo kan gwamna harshena ya sarƙe. Na taɓa ganin an dakatar da abokin aikina wata guda saboda ya manta "mai girma" sau ɗaya. Daga ƙarshe na kira sunan mutumin gatsau, kamar yadda uwarsa za ta kira shi. Suka ce, "Ubangiji, ka tuna da shi," daidai da yadda suka ce wa Rabi, ba ƙari ba ragi.

Da rana, a zaure, na ce wa Baba na ji kunya.

"Ba kai ne na fari ba. Hannatu ta taɓa tsayar da ni a tsakiyar wa'azi. Yanzu fito da abin da ke aljihunka, tun jiya kake shafa shi."

Na karanta masa wasiƙar, na ba shi labarin fili da Honorabul da Alhaji Mamman. Ya ce, "Wanda bai zaɓi jam'iyyar ba fa? Za ku hana shi cin jibin Ubangiji tare da sauran ikilisiya?"

"Haba, Baba."

"Ai wasiƙar ta ce ba Kirista na gaskiya ba ne. Ko dai ku hana shi, ko kuma wasiƙar ƙarya take yi. Zaɓi ɗaya."

Na ce to ke nan mu zama kamar Lawal direba? Na ba shi labarin huluna biyu. Ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya yi ƙara.

"A'a. Direbanka kowa ya tare hanya ya rusuna masa. Mu kuwa muna da Sarki tun kafin a haifi jam'iyyun nan, kuma ba ya tsayawa takara. Shi ya sa ba mu da wurin rusuna wa wani. Gwamna ma'aikaci ne, an ba shi aikin adalci na 'yan shekaru, za a tambaye shi. Mai irin wannan kaya a kai dole a yi masa addu'a. Amma in ka sa masa mai girma a gaban Allah yau, gobe ba za ka iya zuwa ofishinsa ka ce masa ya yi zalunci ba. Bakinka ya riga ya saba."

"Ke nan ba ku shiga siyasa?"

"Wa ya gaya maka? Duk zaɓen da aka yi a ƙasar nan na jefa ƙuri'a. Ni da Hannatu ba mu taɓa zaɓen mutum ɗaya ba, kullum cewa take ban da wayo. Lokacin da aka raba hatsin agaji aka tsallake ƙauyen Fulanin da ke bayanmu, ni da liman muka je muka tsaya a gaban hukuma. Ba Kirista ko ɗaya a wancan ƙauyen. Abin da muke tambayar mai mulki ke nan: gwauruwa ta samu? Baƙo ya samu? An yi shari'a daidai? Wanda ya yi, mu ce ya yi, ko ba namu ba ne. Wanda bai yi ba, mu ce bai yi ba, ko tare muke sujada. Jam'iyya ba ta yarda ka yi haka. In ka shiga, laifin naka sai ka rufe, alherin wancan sai ka musa."

Na tambaye shi labarin Haruna. Ya ce shekara takwas suna neman filin maƙabarta a wurinsa. Kowace Laraba Baba ya je ya zauna a bencin ofishinsa. Sau ɗaya ya ce zai ba su, in za su fito gaba ɗaya su tarbi ɗan takararsa da waƙoƙin coci. Suka ƙi. A cikin shekarun ne mijin Hannatu ya rasu, aka binne shi a gefen gonarsa.

"Daga baya kun samu filin?"

Na yi tsammanin zai ce e. Irin labaran nan haka suke ƙarewa a wa'azi.

"Ba mu samu ba. Har yau a gona muke binnewa."

"Kuma ita ta kawo sunansa?"

"Ranar da aka sauke shi. Ta ce da yana da masu yi masa fadanci, yanzu ba shi da kowa." Ya gyara ƙafarsa. "Ba zan ce maka in ka ƙi karantawa takarda za ta faɗo daga sama ba. Wataƙila katafila ta zo. Ni dai abin da na sani, in kun sayar da bakin ikilisiya kun sayi fili, za ku samu inda za ku taru, amma ba ku da abin da za ku faɗa a ciki."

Ranar Litinin na kamo hanya, da takalmin da wani baduku ya ɗinke mini da kilishin da Hannatu ta aiko, wai in kai wa matata ladan haƙuri da ni. A iyaka jandarman nan ba ya aiki. A Katsina sabis ya dawo, saƙonni suka yi ta shigowa kamar an kwance buhu. Ban ji sauƙi ba. In ma akwai bambanci, na fi damuwa a dawowa, don a tafiya ban san abin da zan yi ba, a dawowa kuwa na sani.

Ranar Laraba na je gidan Dattijo Bitrus na mayar masa da wasiƙar. Ba zan rage masa hujja ba, don yana da ita. An ƙona gidansa sau ɗaya a garin nan. Bulon cocinmu da kansa ya ɗauke su.

Ya ce, "Ka je ƙauye kwana biyu ka dawo waliyyi. Su mutum arba'in ne a daji, ba wanda ya damu da su. Mu nan in ba mu da namu a sama, an gama da mu. Ranar da katafila ta zo, sai ka fito ka karanta mata sunaye."

Na ce shi ya zaɓi wanda yake so, ya yi masa yaƙin neman zaɓe a ko'ina, ni ma wataƙila mutumin zan zaɓa. Amma ba zan tsaya a gaban ikilisiya in ce wanda ya saɓa mana ba na Almasihu ba ne. Ya ce za a samu wani ya karanta. Ba a samu ba. Da Fasto ya ji na ƙi, sai shi ma ya ce bai ga wurin wasiƙar a cikin sujada ba. Ina zaton dama jira yake wani ya fara.

Ranar Asabar na sayi littafin rubutu, na ajiye shi a bakin ƙofar coci da biro, na gaya wa matan zumunta duk mai suna ya rubuta. Ni na rubuta Honorabul da abokin hamayyarsa da gwamna. Saratu ta riga ni, ta sa Hajiya Binta, matar Alhaji Mamman, wadda ke kwance da ciwon suga. Ranar Lahadi, bayan sanarwar taron matasa, na bayyana yadda ake yi, na karanta su yadda suka shigo. Da na kira Honorabul gatsau, mutum biyu suka tashi suka fita. Amsar jama'a ba ta kai ta ƙauyen Baba ba. Amma an amsa.

Takardar fili ba ta zo ba. Dattijo Bitrus yana amsa gaisuwata da ka, ba da baki ba. Kowace Talata yanzu nakan je ofishin filaye in zauna a benci da kwafin takardunmu, har masinjan ya fara ajiye mini wuri kusa da fanka. In na ji ƙarar babbar mota a lungunmu har yanzu sai na leƙa.

Bayan kwana biyu da wannan Lahadi, Alhaji Mamman ya kira ni cikin shagonsa, fuskarsa cike da fara'a.

"Malam Garba, na ji abin da ka yi. Wallahi ka burge ni. Dama na san kai namu ne." Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin kanta. "Ga 'yar sanarwa nan ta ɗan takararmu, layi biyar ce kawai. In aka ji ta da muryarka..."

Na ce, "Alhaji, wadda na ƙi layi tara ce. Taka ma ba zan karanta ba."

Fara'ar ta tafi. "To kai wane ne naka?"

"Ranar zaɓe zan shiga in dangwala, kamar kowa."

Ya mayar da takardar, ya yi ta gyara gwangwanayen madara da ba su karkace ba. Na yi masa sallama. Na kai bakin ƙofa sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "An ce kun sa sunan Hajiya a littafin nan naku."

"Yana ciki."

"A ina?"

"Ita ce ta huɗu. Gwamna na tara."

Sai ya ce, "To, a bar shi a nan."